Zirga-zirgar Filasma a Garkuwar Maganaɗisun Duniya

[Kiɗan buɗe shiri]

Shirin kimiyya na wannan mako zai ɗaga kai sama ne, can gaba da gajimare, gaba da inda jirage ke bi, zuwa wani yanki da ido ba ya gani, amma layukan wutar lantarki da taurarin ɗan Adam da rediyo duk suna jin tasirinsa a jika. Yankin shi ne garkuwar maganaɗisun duniya, wadda masana ke kira maginetosfiya. Sama da shekara 60 ke nan suna bin sawun abin da ke yawo a cikinta: ta ina yake shiga, wace hanya yake bi, ina kuma yake ƙarewa.

Ranar 31 ga Janairun 1958 Amurka ta harba tauraron ɗan Adam nata na farko, Explorer 1. A cikinsa akwai wata 'yar na'ura mai ƙirga ƙwayoyi masu ƙarfi da ke ratsa sararin samaniya, wadda James Van Allen da ɗalibansa na Jami'ar Iowa suka haɗa. Idan tauraron yana ƙasa-ƙasa, na'urar kan ƙirga ƙwaya 30 ko kusa da haka a kowace daƙiƙa, daidai yadda aka yi tsammani. Da zarar ya hau can sama kuwa, sai ta yi tsit. Ko ɗaya ba ta ƙirgawa.

Da farko an zaci lalacewa ta yi. A watan Maris na wannan shekara aka harba Explorer 3, wannan karon da ƙaramin faifan naɗar bayanai a ciki. Faifan ya nuna ƙirgen yana hauhawa da sauri, sai ya faɗi zuwa sifili na kimanin minti 15, sannan ya dawo. Ɗaya daga cikin ɗaliban, Carl McIlwain, ya ɗauko irin wannan na'ura a ɗakin gwaji, ya haska mata hasken ɗaukar hoton ƙashi mai ƙarfi, sai ita ma ta yi shiru. Ashe ba rashin ƙwayoyi ya rufe mata baki ba, yawansu ne ya fi ƙarfinta. Ta haka aka gano cewa duniya na ɗaure da ɗamara ta ƙwayoyi masu tsananin ƙarfi, wadda har yau ake kira ɗamarar Van Allen.

Kafin a bi sawun waɗannan ƙwayoyi, sai an san mece ce filasma. A makaranta ana koyar da cewa abu kan kasance daskararre, ko ruwa-ruwa, ko iska. Akwai hali na huɗu. Idan iska ta sha zafi ƙwarai, ko hasken rana mai kaifi ya doke ta, ƙwayoyin zarra da ke cikinta kan rabu da wasu daga cikin ilektaron ɗinsu. Sai ta koma gaurayen ƙwayoyi masu ɗauke da caji, ga ilektaron ga ayon, wato ƙwayoyin zarrar da suka rasa ilektaron, kowa na yawonsa. Wannan gauraye shi ne filasma. Rana filasma ce, taurari ma haka, walƙiyar damina kuma kan mayar da iskar da ta ratsa filasma na ɗan ƙiftawar ido.

Abin da ya raba filasma da iskar da ake shaƙa shi ne biyayyarta ga maganaɗisu. Duniya kanta babban maganaɗisu ce, saboda narkakken ƙarfen da ke motsi a cikin cikinta, shi ya sa allurar kamfas ke nuna arewa. Layukan wannan maganaɗisu suna fitowa daga kudancin duniya, su lanƙwasa a sararin samaniya, su nitse a arewa. Ƙwaya mai caji idan ta faɗa tsakaninsu, motsi uku take yi a lokaci guda. Tana murɗawa a jikin layin. Tana safa da marwa tsakanin arewa da kudu cikin 'yan daƙiƙoƙi ko ƙasa da haka. Sannan tana gusawa a hankali tana zagaya duniya, ilektaron su yi gabas, ayon su yi yamma. A 1942 wani masani ɗan Suwidin, Hannes Alfvén, ya shimfiɗa lissafin da ke nuna cewa filasma da layukan maganaɗisu manne suke da juna: inda ta nufa, tare da layukanta take tafiya. Wannan aiki ne ya kai shi ga lambar Nobel a 1970.

To daga ina filasmar take zuwa? Tushe na farko shi ne rana. A 1958 Eugene Parker na Jami'ar Chicago ya yi lissafi ya ce rana na hura filasma dare da rana zuwa ko'ina. Masu tantance maƙalarsa suka ce ba ta cancanci bugawa ba, amma editan mujallar, Subrahmanyan Chandrasekhar, ya duba lissafin bai ga kuskure ba, ya buga. A 1962 kumbon Mariner 2, a hanyarsa ta zuwa tauraruwar Zara, ya auna wannan iska ta rana ya tabbatar da maganar Parker. Gudunta yakan kai kilomita 400 a daƙiƙa ɗaya a ranakun da take kwance, ya haura 800 idan ta taso. Sai dai ba ta da kauri ko kaɗan: a wurin da bai fi kan ɗan yatsa ba, ƙwayoyi biyar ne ko makamancin haka.

Idan wannan iska ta iso, maganaɗisun duniya ne ke tare ta. Siffar da ke fitowa ta yi kama da mutum sanye da babbar riga ya fuskanci iskar hunturu: gaban rigar ya manne a ƙirji, bayanta ya miƙe yana kaɗawa. Ta ɓangaren da ke kallon rana, iyakar garkuwar tana nisan kilomita 64,000 ko kusa da haka daga tsakiyar duniya. Ta ɓangaren dare kuwa ta ja wutsiya doguwa da ta wuce nisan wata nesa ba kusa ba.

Da a ce ƙa'idar Alfvén ba ta da kafa ko ɗaya, da iskar rana ta kauce ta wuce abinta, ba ta shiga ba. Amma tana shiga. Wanda ya bayyana yadda hakan ke faruwa shi ne James Dungey, ɗan Ingila, a 1961. Iskar rana na zuwa da nata layukan maganaɗisu. A goshin garkuwa, layukan duniya arewa suke fuskanta. Idan na rana suka zo suna fuskantar kudu, sai ɓangarorin biyu su haɗu kai da ƙafa, su tsinke, kowane guntu ya ƙullu da na ɗaya ɓangaren. Layin da a dā yake rufe yanzu ƙafarsa ɗaya na ƙasa, ɗayar na cikin iskar rana, ƙofa ta buɗe ke nan. Iskar sai ta ja shi ta saman ƙuryar arewa ko ta kudu, ta jibge shi a wutsiya. A can layukan kan sake tsinkewa su ƙullu, su dawo wajen duniya ɗauke da filasma mai zafi, su zagaya ta gefe su koma goshi. Zagayen kan ɗauki sa'o'i, kuma shi ne babban injin da ke juya filasma a cikin garkuwar.

Shi ya sa masu hasashe ba gudun iskar rana kaɗai suke kallo ba. Abu na farko da suke tambaya shi ne: arewa maganaɗisunta ya fuskanta ko kudu?

Wurin da layukan ke tsinkewa ƙanƙane ne ƙwarai, faɗinsa kilomita kaɗan, kuma ba ya zama wuri guda. An shafe fiye da shekara 50 ba a taɓa leƙa cikinsa sosai ba. A watan Maris na 2015 hukumar NASA ta harba taurari huɗu masu suna MMS, masu tafiya tare ɗaya kusa da ɗaya, wani lokaci tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kilomita 10 ba. Na'urorinsu na auna ilektaron fiye da sau 30 a daƙiƙa guda. Ranar 16 ga Oktoban 2015 suka ratsa ta tsakiyar wurin tsinkewar. Ayarin James Burch na birnin San Antonio a jihar Texas suka ga ƙarfin maganaɗisu ya faɗi kusan sifili, ilektaron sun saki layukansu suna ficewa da gudu, ƙarfin maganaɗisu na komawa zafi da motsi a gaban na'urorinsu.

Ko da iskar ta fuskanci arewa, ba a rufe ƙofa ruf ba. Taurari huɗu na Cluster, na hukumar sararin samaniyar Turai, waɗanda aka harba a 2000 bayan na farkon sun tarwatse tare da rokarsu a 1996, sun gano manyan igiyoyi masu naɗewa a gefen garkuwar. Rahoton da aka buga a 2004 ya nuna cewa a cikin wannan naɗi filasmar rana kan cuɗe da ta duniya, ta sulale ciki ta gefe.

[Gajeren kiɗa]

Abin da aka jibge a wutsiya ba ya zama har abada. A 1964 Syun-Ichi Akasofu, ɗan Japan mai aiki a Alaska, ya bi tarin hotunan hasken aurora, wato hasken nan mai launi da ke bayyana da dare a sararin ƙasashen ƙuryar arewa da kudu. Ya lura cewa yana da tsari: baka ɗaya na haske yana kwance, wajen tsakar dare sai ya ƙara haske farat ɗaya, ya fashe, ya bazu, bayan awa biyu ko uku ya lafa. An daɗe ana gardama kan abin da ke kunna wannan fashewa. A Fabrairun 2007 aka harba taurari biyar na THEMIS, aka jera su a wutsiya, aka kuma girke kyamarori 20 a faɗin Kanada da Alaska. Ranar 26 ga Fabrairun 2008 suka kama wata fashewa tun daga tushe: layuka sun tsinke a wajen kashi ɗaya cikin uku na hanyar zuwa wata, bayan kimanin minti ɗaya da rabi aurora ta haskaka.

Filasmar da ke dawowa daga wutsiya ba malala take yi a hankali ba. Zuwa take yi a ƙunshi-ƙunshi, kowanne na gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa, na tsawon kimanin minti 10. Idan ta kusanto duniya ta ƙara zafi, sai motsin nan na uku ya karɓe ta, ayon su yi yamma, ilektaron su yi gabas. Rabuwar nan tasu lantarki ce, zobe guda da ya kewaye duniya. Idan zoben ya yi ƙarfi, yana rage ƙarfin maganaɗisu a doron ƙasa, abin da ake kira guguwar maganaɗisu ke nan. Wata cibiya a Jami'ar Kyoto ta Japan ce ke fitar da ma'auninta, mai suna Dst, daga tashoshi huɗu: Kakioka a Japan, Honolulu a Hawai, San Juan a Puerto Rico da Hermanus a Afirka ta Kudu.

Shekaru da dama an ɗauka cewa duk filasma mai zafi da ke cikin garkuwar baƙuwa ce daga rana. A 1972 Edward Shelley da abokan aikinsa a Palo Alto ta jihar California suka ga abin da ya rikita wannan zato. Na'urarsu ta auno ayon na oksijin masu ƙarfi suna kwararowa lokacin wata guguwa. Iskar rana kusan dukkanta haidirojin ce da ɗan hiliyom, ɗan oksijin da ke cikinta kuwa ya riga ya zubar da yawancin ilektaron ɗinsa saboda zafi. Wannan da aka auno ilektaron ɗaya kawai ya rasa, alamar cewa ɗan gida ne. Daga saman iskar duniya ya tashi, daga sashen da ake kira ayonosfiya, ya bi layuka ta ƙuryar arewa da kudu, ya je wutsiya, ya sha zafi, ya dawo. A manyan guguwoyi, oksijin ɗin nan kan ɗauki kaso mai tsoka na ƙarfin zoben lantarki, wani lokaci ya fi na rana. Tunda ya ninka haidirojin nauyi sau 16, shigarsa kan sauya yadda wutsiyar ke motsi gaba ɗaya.

Akwai kuma filasma mai sanyi, ita ma 'yar gida, wadda ke kwance kusa da duniya tana juyawa tare da ita. Da kunne aka fara gano ta. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya masu sauraron wayoyin fagen daga ke jin wani fito da ke farawa da siririyar murya ya sauko ƙasa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. A 1953 Owen Storey na Jami'ar Cambridge ya bayyana sirrinsa: tsawa ce ta faɗi a ɗaya ɓangaren duniya, igiyar rediyonta ta bi layin maganaɗisu ta can sama ta sauko, siririn sauti ya riga mai kauri isowa. Tsawon fiton na nuna yawan filasmar da ya ratsa. Don Carpenter na Jami'ar Stanford ya zauna da tarin faifan irin wannan fito, a 1963 ya nuna cewa filasmar mai sanyi tana da gaɓa, inda kaurinta ke faɗuwa farat ɗaya, a nisan da ya ninka tazarar tsakiyar duniya zuwa doronta kimanin sau huɗu. Tauraron IMAGE, wanda aka harba a 2000, ya ɗauki hotonta. An ga yadda guguwa ke ɓare bayanta, ta ja dogon zare daga jikinta zuwa goshin garkuwa, sannan ayonosfiya ta ɗauki kwanaki tana sake cika ta.

[Gajeren kiɗa]

A nan ne gizo ke saƙar. Garkuwar ta fi duniya girma sau dubbai, taurarin da ke auna ta kuwa ba su wuce 'yan gommai ba, kowanne wurin da yake kaɗai yake iya ba da labarinsa. Idan na'ura ta ga filasma ta ƙaru, ba ta iya cewa ko sabuwa ce ta iso, ko ita ce ta shiga inda take tun dā. Don cike wannan giɓi masana suka koma ga kwaikwayon kwamfuta.

Ga yadda ake yi. Ana ɗaukar sararin da ke kewaye da duniya a yanka shi gida-gida a cikin kwamfuta, gidaje miliyoyi, ƙanana a kusa da duniya, manya a nesa. A kowane gida ana rubuta yawan filasma, gudunta, zafinta da ƙarfin maganaɗisu. Ta ɓangaren rana ana shigar da ainihin ma'aunin iskar rana. Sai kwamfuta ta bi lissafin da ya samo asali daga Alfvén, ta ƙididdige abin da kowane gida zai miƙa wa maƙwabcinsa cikin guntun daƙiƙa, ta maimaita, ta sake maimaitawa. A kan allo sai a ga goshi ya matse, wutsiya ta miƙe, layuka sun tsinke. Jami'ar Michigan na da irin wannan manhaja mai suna SWMF, Jami'ar New Hampshire na da OpenGGCM, Finlan na da GUMICS.

Kowace irin manhaja da inda ƙarfinta ya tsaya. Waɗannan manyan suna ɗaukar filasma a matsayin abu guda mai malala, alhali kusa da duniya ilektaron da ayon hannun riga suke yi. Don haka ake haɗa su da wata ta daban, irin wadda Richard Wolf da abokansa suka gina a Jami'ar Rice ta Houston, mai bin ƙwayoyi gwargwadon ƙarfinsu. Ana kuma ƙara wata ta ayonosfiya, da wata mai lissafin oksijin da ke tashi sama. Idan aka bar oksijin a waje, guguwar da kwamfuta za ta nuna kan bambanta da wadda aka auna a ƙasa.

Matsala mafi girma ita ce ta awo. Faɗin gida ɗaya a waɗannan manhajoji ɗaruruwan kilomita ne, wani ya haura dubu, wurin da layuka ke tsinkewa kuwa kilomita kaɗan ne. Ƙaramin wurin da bai cika gida ɗaya ba shi ke juya akalar garkuwar gaba ɗaya. A Jami'ar Helsinki, Minna Palmroth da ayarinta sun bi wata hanya mai tsada: manhajarsu, Vlasiator, tana riƙe bayanin yadda ayon suka rarrabu ta fuskar gudu da alƙibla a kowane gida. A 2023 suka wallafa sakamakon kwaikwayon garkuwar dukkanta ta wannan hanya, a kan wata katafariyar kwamfuta a Jamus. Ya nuna cewa bayanai biyu da aka daɗe ana jayayya a kansu game da fashewar wutsiya, wato tsinkewar layuka da kaɗawar shimfiɗar lantarkin da ke tsakiyarta, tare suke aiki. Nikolai Tsyganenko na Rasha shi kuwa ta wata kusurwa ya ɓullo: ya tattara ma'aunin taurari na shekaru masu yawa, ya fitar da taswirar yadda maganaɗisun ke kasancewa a kowane yanayi na iskar rana. Har yau masu bincike na dogara da taswirorinsa.

Manhaja ba ta samun amincewa sai ta ci jarrabawa. A cibiyar Goddard ta NASA akwai sashen da ake kira CCMC, inda ake ajiye manhajojin, kowane mai bincike daga kowace ƙasa na iya neman a gudanar masa da su ta intanet. A can aka gwada manhajoji biyar a kan guguwoyin da suka riga suka faru, aka kwatanta hasashensu da abin da tashoshin ƙasa suka auna. Daga nan cibiyar hasashen yanayin sararin samaniya ta Amurka da ke Boulder ta zaɓi ta Michigan, ta fara aiki da ita dare da rana a 2016. Bayanan da take ci suna zuwa daga taurari irin su ACE, da ke tsaye a nisan kilomita miliyan 1.5 ta wajen rana. Daga can zuwa nan, iskar kan ɗauki minti 15 zuwa awa ɗaya. Iya lokacin da masu kula da layukan wuta ke da shi ke nan don su shirya.

Dalilin wannan ɗawainiya a fili yake. A farkon Satumban 1859, bayan Richard Carrington ya ga wani haske ya tashi a fuskar rana, wayoyin tangaraho a Turai da Amurka sun riƙa tartsatsi. Ranar 13 ga Maris na 1989, da ƙarfe 2:44 na dare, guguwa ta tura lantarki cikin dogayen layukan wuta na lardin Quebec a Kanada, cikin kimanin daƙiƙa 90 komai ya ɗauke, mutum miliyan 6 suka kwashe awa 9 ba wuta. Ma'aunin Dst ya kai 589 ƙasa da sifili a wannan guguwa. A Janairun 1994 ilektaron masu ƙarfi na ɗamarar Van Allen ta waje suka taru a cikin taurarin sadarwa biyu na Kanada, Anik E1 da E2, na farko ya farfaɗo cikin sa'o'i, na biyu sai bayan watanni. Taurarin Van Allen Probes, da suka yi aiki daga 2012 zuwa 2019, sun nuna cewa igiyoyin rediyo na cikin filasmar kanta ne ke ƙara wa irin waɗannan ilektaron ƙarfi a tsakiyar ɗamarar. A ranakun 10 da 11 ga Mayun 2024 aka yi guguwa mafi ƙarfi tun 2003, an ga aurora har a Meziko da Namibiya, manoma a Amurka kuma suka tsayar da shuka saboda GPS na taraktocinsu ya rikice.

Afirka ta Yamma ba ta ganin aurora, amma ba ta tsira daga lamarin ba. Layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu, wato ikwaitar maganaɗisu, ya ratsa ta arewacin Najeriya. A saman wannan layi, a tsayin kimanin kilomita 100, akwai wata igiyar lantarki da ke gudu gabas da rana tsaka. Cyril Onwumechili, farfesan kimiyyar fiziks a Jami'ar Ibadan wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Ife, ya shafe shekaru yana nazarinta, ya kuma wallafa littafi sukutum a kanta a 1997. Idan juyawar filasma a garkuwa ta sauya ba zato, tasirin lantarkinta kan kutso har zuwa wannan yanki cikin mintuna. Yakan ƙara wa igiyar ƙarfi ko ya juya ta, yakan kuma taimaka ko ya hana tasowar wasu ramuka a ayonosfiya bayan faɗuwar rana, waɗanda ke sa siginar GPS rawa. Wannan ayonosfiya ce dai ke dawo da shirye-shiryen gajeren zango zuwa akwatunan rediyo, shi ya sa a ranakun guguwa murya kan dusashe ko ta ɓace. Tauraron sadarwa na Najeriya, NigComSat-1R, da aka harba a Disambar 2011, yana zaune a tsayin kusan kilomita 36,000, a gefen ɗamarar waje, inda taurarin Anik suka gamu da matsala.

Jami'ar Kyushu ta Japan ta girke na'urorin auna maganaɗisu a Legas, Ilori da Abuja ƙarƙashin shirin MAGDAS, hukumar sararin samaniyar Najeriya kuma na da cibiyar binciken sararin sama a Anyigba ta jihar Kogi. Duk da haka, tashoshin awo a Afirka ba su kai na Turai, Amurka ko Japan yawa ba, kuma da ma'aunin ƙasa ake gwada kowace manhaja. Aikin ya fi buƙatar ɗalibi mai ƙarfi a lissafi da rubuta manhajar kwamfuta fiye da mai roka, domin bayanan MMS, THEMIS da Cluster a buɗe suke kyauta a intanet.

Jama'a masu sauraro, nan shirin na wannan mako ya kawo ƙarshe. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

[Kiɗan rufe shiri]